Sabuwar jif a leda ko tokunbo: kuɗin sabuwa ya kai a biya kuwa?

Duk wanda ya je tambayar farashin sabuwar Hilux ko Prado a 'yan shekarun nan ya san yadda jiki ke yin sanyi in dila ya buɗe baki. Kuma ba motar ce ta canja sosai ba, naira ce ta zube. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500, to ka ɗauki motar da kuɗinta dala 40,000 ne, a da miliyan 18 da ɗoriya kenan, a sabon farashi kuwa miliyan 60 ce tun kafin kwastam su ɗora nasu dila ma ya ɗora nasa. Lokacin da aka yi ta cece-kuce a ƙarshen 2023 kan motocin 'yan majalisar tarayya, jaridu sun ruwaito cewa kowace ɗaya ta kai kusan naira miliyan 160. Don haka in mutum ya tsaya yana kai-komo tsakanin ya sayi sabuwa ko ya nemi tokunbo, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka shigo da ita, ba rowa ba ce, lissafi ne da ya kamata a yi shi a natse.

Ni ra'ayina tun daga farko shi ne, sabuwar motar daji tana biyan kuɗinta ne kawai ga wanda in motarsa ta kwanta kwana biyu zai yi asarar da ta fi kuɗin gyaran, ko kuma wanda yake bin hanyar da in mota ta mutu masa babu mai zuwa ɗauko shi. Wanda ba ya cikin waɗannan biyun, yawanci tokunbo mai lafiya ta ishe shi. Amma bari mu bi abin daki-daki don akwai wuraren da maganar ke juyawa.

Abubuwan da za ka auna kafin ka kalli kowace mota

Na farko, kuma shi ne mutane suka fi yaudarar kansu a kai, wace hanya kake bi da gaske? Ba hanyar da kake tunanin wata rana za ka bi ba, a'a, wadda ka bi a watanni shidan da suka wuce. In rayuwarka daga gida ce zuwa kasuwa zuwa ofis, sai zuwa ƙauye da sallah ko ta'aziyya, ramukan kwalta da ɗan burji ne matsalarka, ba daji ba. Mu duk motar da ta ɗan yi tsayi jif muke ce mata, amma Highlander da RAV4 da Venza da Lexus RX duk motocin gari ne da aka ɗaga, jikinsu da ƙasansu a haɗe yake. Motar daji ta gaske ita ce wadda aka ɗora bodinta a kan shasi na ƙarfe daban, tana da giyar taya huɗu da ƙaramar giyar nan ta 4L wadda ke ba ta ƙarfin fita daga taɓo ko yashi a hankali, wasu ma har da makullin difa mai sa tayoyin hagu da dama su juya tare. Hilux, Land Cruiser, Prado, 4Runner, Lexus GX, Pajero Sport, L200, Navara, Ranger, D-Max, su ne 'yan wannan layin.

Na biyu kuɗi, kuma kuɗin kashi biyu ne, na saye da na riƙo. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, motar da ke da inji mai lita 4.0 ko V8 kuwa ba ta san wannan labarin ba, sha kawai take yi. Sannan inshora, tun Janairun 2023 ƙaramar inshorar da doka ta wajabta ta koma naira 15,000, amma cikakkiya wadda za ta biya ka in an sace motar ko ta yi mummunan haɗari ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Ka ga motar miliyan 100 tana cin miliyan 5 duk shekara a inshora kaɗai, kuma ban ga hikimar sayen motar miliyan 100 a bar ta ba cikakkiyar inshora ko takaful, wato inshorar Musulunci, ba. Ga taya, saiti guda na tayoyin daji masu kyau ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Na uku ƙarko, wato shekara nawa za ta yi tana shan wahalar hanyarmu da ƙurarmu da zafinmu da irin man da muke samu. Na huɗu sauƙin gyara a inda kake zaune, ba a Legas ko Abuja ba. Na biyar haɗari, na zamba da na takardu da na tsaro. Na shida kuma ranar da za ka sayar, nawa za a taya.

Sabuwar Hilux ko Land Cruiser 70 daga dila na hukuma

Waɗannan su ne motocin aiki. Hilux tun 1968 ake ƙera ta, Land Cruiser 70 kuwa tun 1984 take kuma har yau siffarta ba ta wani canja ba, ita ce wadda sojoji da ƙungiyoyin agaji da masu haƙar ma'adinai suke yawo da ita, mai buɗaɗɗen bayan ita ce 79. Wanda ya san hanyar Agadas zuwa Dirku ko ya san yadda sojojin Chadi suka yi amfani da irin waɗannan motocin a yaƙinsu da Libiya a 1987 har aka riƙa kiran yaƙin da sunan Toyota, ba sai an yi masa dogon bayani kan ƙarkonsu ba.

Kuɗin saye yana da zafi, babu ɓoye-ɓoye, sau da yawa kuɗin sabuwar Hilux guda zai saya maka tokunbo biyu. Abin da kake biya a nan shi ne ka san tarihin motar tun daga kilomita sifili, ba wanda ya taɓa tafasa mata inji, ba wanda ya taɓa zuba mata baƙin mai na jabu, sannan ga garanti, wanda galibi shekara uku ne ko kilomita 100,000 duk wanda ya riga zuwa. Shekarun farko kusan sabis kawai za ka riƙa yi, canjin baƙin mai da filta da birki.

Amma ko a cikin sababbin akwai zaɓin da ya fi muhimmanci fiye da launi ko kujerun fata, shi ne inji. Hilux mai fetur 2.7 injinta mai sauƙin kai ne, kusan kowane bakanike a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ya san shi, sai dai tana shan mai kuma in an yi mata lodi a hawa za ka ji tana nishi. Masu dizal na zamani, 2.4 da 2.8, sun fi ƙarfin ja kuma sun fi tattalin mai, amma injektocinsu suna aiki ne da matsi mai tsanani, dizal ɗin da aka haɗa da kananzir ko wanda ruwa ya shiga a jarka zai iya kashe su, gyaransu kuma ba na gefen titi ba ne. Shi ya sa har yanzu masu shiga daji sosai suke son Land Cruiser 70 mai tsohon injin dizal 4.2 da ake kira 1HZ, ba shi da tabo, wato turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, ba shi da tarkacen kwamfuta, ba shi da gudu ko kaɗan, amma zai sha man da ya samu ya kai ka gida. In dai aikinka a can cikin ƙauyukan da gidan mai na kirki ya yi nisa ne, ni wannan injin nake ganin ya fi cancantar kuɗin sabuwa a duk motocin da zan ambata.

Wajen jin daɗi kuwa kar a yaudare ka, Land Cruiser 70 tana da tauri, doguwar tafiya a cikinta bayanka zai gaya maka. Hilux ta fi ta laushi amma in bayanta babu kaya tana tsalle a kan burji.

Wani abu da ya kamata a kula da shi, akwai sabuwa a leda da ake shigowa da ita daga Dubai ta hannun 'yan kasuwa, tana iya fin ta dila sauƙi, kuma motocin da aka ƙera don ƙasashen Larabawa sun dace da zafinmu. Sai dai ka tambaya da kyau ko dilan hukuma na ƙasarka zai karɓi garantinta, don in ba zai karɓa ba ka biya kuɗin sabuwa ne ba tare da rabin amfanin sabuwa ba.

Sabuwar Prado ko Land Cruiser 300

A nan ne nake ganin kuɗi ya fi tafiya a banza ga yawancin masu saye. Ba don motocin ba su da kyau ba, suna da kyau matuƙa. Land Cruiser 300 ta fito a 2021, aka cire mata V8 ɗin da aka saba aka sa V6 mai tabo biyu da giya goma, sabuwar Prado kuma wadda ake kira 250 an nuna ta a 2023 ta shiga kasuwa a 2024. Dukansu za su shiga inda Hilux ke shiga, wani wajen ma su fi ta. Tambayar ita ce wa zai saka motar sama da miliyan 150 a cikin kwazazzabo ƙaya tana kartar fentinta? Kusan babu. Ƙarshenta tana yawo tsakanin Maitama da filin jirgi da wajen ɗaurin aure, aikin da tsohuwar Lexus GX za ta yi da kaso kaɗan na kuɗin.

Sannan sabuwa ba tana nufin babu matsala ba. A 2024 Toyota ta yi kiranye ga motocin Tundra da Lexus LX kusan dubu ɗari a Amurka saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin injin V6 mai tabo tun daga masana'anta, dangin injin da ke cikin Land Cruiser 300 mai fetur kenan. Wanda ya saya ta hannun dila yana da inda zai kai kuka. Wanda ya saya a bayan fage fa? Haka sabuwar Land Cruiser 250 da ake sayarwa a Amurka, injinta haɗin fetur da batir ne, in aka kawo maka irinta ka tabbata akwai wanda ya iya taɓa ta a garinku kafin ka biya.

Ga kuma maganar tsaro wadda ba na jin daɗin kawo ta amma dole ce. A wasu hanyoyinmu, irin su Birnin Gwari da sassan Zamfara da Katsina, mota mai sheƙi tana sanar da cewa akwai mai kuɗi a ciki. Motar da ka saya don ta kai ka gona lafiya kar ta zama ita ce ke jawo maka ido. Abin da ke gefenta mai kyau shi ne ranar sayarwa, Land Cruiser da Prado suna riƙe daraja fiye da kusan kowace mota a kasuwarmu, kuma a lokacin da naira ke faɗuwa wasu sun sayar da tasu sama da yadda suka saya in an ƙirga da naira. Amma wannan ba riba ba ce ta gaske, don kuɗin ba zai sake saya maka irinta sabuwa ba.

Sabuwar ta China ko haɗin gida

Wannan layin ne ya fi ba mutane sha'awa yanzu, kuma na fahimci dalili. Da kuɗin da bai kai na Toyota ba za ka samu sabuwa fil, da allo da kyamara da kujerun fata da garanti wanda wani lokacin ya fi na Toyota tsawo. Akwai JAC da Changan da GWM masu Tank 300, ga kuma Innoson da ake haɗawa a Nnewi ta jihar Anambra, wadda hukumomin gwamnati da dama suke amfani da ita. Motocin China na yau ba irin na shekara goma sha biyar da suka wuce ba ne, sun yi gaba sosai, wanda ya ce duk tarkace ne bai shiga na yanzu ba.

Inda nake jin tsoro shi ne kayan gyara da ranar sayarwa. Ka shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja ka ce kana neman shokozoba ko lagireto ko famfon mai na Hilux, kafin ka gama magana an kawo maka kala uku, sabo na asali da na tokunbo da mai araha. Ka faɗi sunan wata motar China a wajen, sai a ce sai an aika Legas, Legas ma wani lokacin sai an jira kaya. Motar da ke jiran ƙaramin sensa sati uku a gareji, garantin shekara biyar bai amfane ka da komai ba a satin da kake da lodin taki. Kuma har yanzu ba su daɗe a hanyoyinmu ba yadda za a ce ga yadda suke in sun kai kilomita 300,000, Toyota kuwa mun gani da idonmu. Ranar sayarwa dillalai suna taya su da arha saboda mai saye na biyu shi ma wannan tsoron yake ji. To in za ka saya, ka saya da niyyar riƙewa har ta tsufa a hannunka, kuma ka je da ƙafarka ka ga wajen sabis ɗinsu mafi kusa da kai, ka ga ko akwai kaya a kan kanta ko hoton mota ne kawai a bango.

Tokunbo

Nan ne yawancinmu za mu ƙare, kuma nan ne aka fi cin riba aka fi kuma shan kuka. Abu na farko da za ka sani, Hilux ba a sayar da ita a Amurka, don haka duk wanda ya ce maka ga Hilux 'yar Amurka ka ƙara buɗe ido. Abin da ke zuwa daga can su ne Tacoma da 4Runner da Lexus GX 470 da GX 460 da Sequoia da Tundra, kusan duk masu fetur. GX ɗin nan a ƙasanta Prado ce, sai dai V8 gare ta, ga ƙarfi ga laushi ga ƙarko, ga kuma shan mai ba tausayi. 4Runner mai inji 4.0 na cikin motocin da na fi yarda da su ga mai son mota ɗaya ta gari da ƙauye. Hilux da Prado masu dizal sukan zo ta Turai ko Dubai, na Turai na baya-bayan nan kuma suna zuwa da matatar hayaƙi a salansa wadda ba ta jituwa da dizal mara tsabta, takan toshe ta riƙa kunna wuta tana rage wa mota ƙarfi.

Matsalar tokunbo ba tsufa ba ce, ɓoyayyen tarihi ne. Da yawa daga cikin motocin Amurka ana sayo su ne a gwanjon motocin da inshora ta riga ta yafe, irin Copart da IAA, wasu haɗari suka yi wasu ambaliya ce ta shanye su, a gyara su a fesa fenti a juya mita a kawo maka tana ƙyalli. Wadda ta yi ɗan haɗari a gefe aka gyara da kyau ba laifi in farashin ya nuna haka. Wadda ruwa ya shanye ita ce annoba, don wayoyinta za su riƙa ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka gobe giya ta ƙi shiga jibi mota ta mutu a tsakiyar hanya, rewaya ya yi ta cin kuɗinka ba a gano bakin zaren ba.

Don haka kar ka tsaya kallon fenti. Ka ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 ka sa a bincika maka tarihinta a intanet, sau da yawa har hotunan ranar gwanjon za su fito. Ka tura kujerar direba baya ka haska fitilar waya a kan layin ƙarfen da take gudu a kai, in ka ga tsatsa a kan notuna ko busasshiyar laka a lungun, ruwa ya shiga. Ka ɗaga kafet ɗin ƙasa ka shinshina, warin ruma ba ya ɓuya ko an fesa turare. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai layin datti. Sannan ka sa a ɗaga motar ko ka kwanta a ƙarƙashinta da bakanikenka, ka ƙwanƙwasa shasi da ƙaramar guduma, musamman Tacoma, don motocin da suka zauna a jihohin da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara shasinsu yana cinyewa, har Toyota ta amince a 2016 ta biya diyya kan tsatsar shasin Tacoma na 2005 zuwa 2010 da wasu Tundra da Sequoia. Daga nan ka fita da ita wajen yashi, ka tsaya ka sa 4L ka ji ta shiga kuma ta fita, don akwai jif da yawa a garin nan da aka cire musu farfelar gaba ko giyar taya huɗun ta daɗe da mutuwa, mai ita bai ma sani ba sai ranar da damina ta kama shi a fadama tayoyin baya suna ta juyawa a wuri ɗaya na gaba suna tsaye.

Sai takardu. A Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka 'yar Kwatano da aka biyo da ita ta daji tana iya yin araha amma kwastam za su iya tare ka a hanya ko bayan shekaru su karɓe ta. Ka tabbatar da takardar biyan kuɗin fito a ofishin kwastam kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. 'Yan'uwanmu na Nijar su ba su da ciwon faɗuwar kuɗi irin namu tunda sefa a ɗaure take da yuro, amma rufe iyaka da Benin tun bayan juyin mulkin 2023 ya sa hanyar shigo da mota ta ƙara tsawo da tsada.

Kuma duk tokunbo da ka saya, ka ware wani abu a gefe tun ranar farko, don canja duk mayukan inji da giya da difa, da taya, da shokozoba, da batir. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa kaf a kan saye shi ne ke fara gyaran rabi-rabi, daga nan mota ta fara lalacewa.

Ta hannu, wadda aka yi amfani da ita a gida

Ita ce mafi araha kuma ita ce ta fi buƙatar ka san mai ita. Hilux ɗin da ta fito daga hannun kamfani ko ƙungiyar da ke yi mata sabis a kan lokaci da littafin sabis a hannu, wallahi wani lokacin ta fi tokunbo, don an ƙera ta ne don yankinmu kuma ka san inda ta yi rayuwarta. Wadda ta yi yawon kamfen ko ta yi shekaru tana ɗaukar lodin da ya fi ƙarfinta a hanyar kasuwannin ƙauye kuwa, ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. Ka duba ko an taɓa buɗe inji, ko an cire na'urar daidaita zafi an haɗa fanka kai tsaye kamar yadda wasu makanikai ke yi, ko an yi wa shasi walda. Ka kuma tabbatar ba ta sata ba ce, don Hilux na cikin motocin da ɓarayi suka fi so.

Ga su a jere

| Zaɓi | Kuɗin saye | Ƙarko | Sauƙin gyara | Babban haɗari | Ranar sayarwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Sabuwar Hilux ko Land Cruiser 70 | Mai yawa | Mafi kyau | Ko'ina, musamman mai fetur da 1HZ | Sata, gurɓataccen dizal | Tana riƙe daraja sosai |
| Sabuwar Prado ko Land Cruiser 300 | Mafi yawa | Mai kyau | Sai manyan birane | Jawo ido, tsadar kayan lantarki | Tana riƙe daraja |
| Sabuwar China ko haɗin gida | Matsakaici | Ba a gama gani ba | Ya danganta da kusancin dila | Jiran kayan gyara | Tana faɗuwa da sauri |
| Tokunbo Toyota ko Lexus | Matsakaici zuwa ƙasa | Mai kyau in tarihinta tsaf ne | Da sauƙi | Ambaliya, juya mita, takardu | Ba laifi |
| Ta hannu | Mafi ƙasa | Ya danganta da mai ita | Da sauƙi | Ɓoyayyen gyara, sata | Ƙasa |

Wani abu da tebur ba zai nuna ba shi ne bashi. Babban bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance, ko ta hanyar murabaha ka bi a bankunan da ba sa ruwa ribar da za a ɗora ba ƙarama ba ce. Sabuwar motar da ba ita za ta riƙa kawo kuɗin biyan kanta ba, ni ban ga dalilin cin bashi a kanta ba sam.

To wa ya dace da wace?

In kai ɗan kwangila ne mai aiki a ƙauyuka, ko kana da babbar gona da kake shiga rani da damina, ko asibiti ne ko ƙungiya mai kai magani da ma'aikata inda babu sabis ɗin waya, ko kana hawa irin tsaunin Mambila da kaya, sayi sabuwar Hilux ko Land Cruiser 70 daga dila na hukuma in aljihu ya kai, ka zaɓi inji mai sauƙin kai, ka riƙe ta shekara goma. A nan kuɗin ya cancanta, don kwana ukun da mota za ta yi a gareji lokacin shuka ko lokacin da mara lafiya ke jira ya fi bambancin farashin ciwo.

In mota ɗaya kake so ta iyali, gari a yawancin kwanaki, ƙauye lokaci-lokaci, nemi 4Runner ko Prado ko GX tokunbo mai tsabtataccen tarihi, ka biya bakanike na kirki ya duba ta, ragowar kuɗin ka sa a kasuwancinka. In ma hanyar garinku ba ta da taɓo ko yashi mai zurfi, Highlander ta ishe ka kuma za ta rage maka kuɗin mai.

In kana zaune a Abuja ko Legas ko Kano kusa da wajen sabis ɗinsu, kana son sabuwa da garanti kuma ba ka da niyyar sayarwa nan kusa, ta China ko Innoson abin dubawa ce, amma kar ta zama ita kaɗai ce motar da sana'arka ta dogara a kanta.

In kuɗinka kaɗan ne kuma aikin na ɗaukar kaya ne, nemi Hilux ta hannu mai fetur daga wajen wanda ka sani ko kamfanin da ke da littafin sabis, ka gyara ta sau ɗaya gyara na gaske.

Sabuwar Land Cruiser 300 ko Prado 250 kuwa, ta wanda kuɗinta ba zai taɓa jarinsa ba ce, wanda zai iya biyan cikakkiyar inshora duk shekara ba tare da ya ji a jikinsa ba, kuma yana da dila a kusa da zai riƙa kai ta sabis.